Yankan da ba a jin ƙarar wuƙarsa: kuɗin lafiyar masu buƙata ta musamman daga Amurka zuwa Katsina

Ɗan ƙanwar mahaifiyata shekara ta huɗu ke nan yana kwance a wani ɗaki can cikin lungunan Ƙofar Marusa. Kabu-kabu yake yi kafin mota ta banke shi, lakarsa ta taɓu, daga ƙugu zuwa ƙasa babu ji babu motsi. Wanda bai taɓa jinyar irin wannan ba zai ɗauka keken guragu ne babbar buƙatarsa. Keken ai sau ɗaya ake saye. Abin da ke cin gida shi ne robar fitsari da dole a riƙa canzawa, da auduga da bandeji na wanke gyambon da kwanciya ta huda masa a ƙugu, da maganin ƙwayoyin cuta duk lokacin da fitsari ya turnuƙe zazzaɓi ya taso, da kuɗin Keke Napep zuwa wurin gashi. Mahaifiyarsa ta sayar da awakinta tun a shekarar farko. Ita ke tashi cikin dare ta juya shi, don idan ya daɗe a ɓari guda fata ta buɗe.

Wata rana na je gaishe shi sai ya miƙo mani waya. Bidiyo ne na wasu Turawa a kan kekunan guragu, 'yan sanda na ɗaure masu hannu suna turo su waje daga wani katafaren gini. Ya ce, "Yaya, su waɗannan me suka yi?" Na ce mashi a majalisar dattawan Amurka ne, a watan Yunin 2025, sun je hana a yanke kuɗin da gwamnati ke biya masu na magani. Ya yi shiru, can ya yi dariya ya ce, "To mu dai mun huta. Me za a yanke mana, tunda ba a ba mu komai ba?"

Na daɗe ina juya wannan magana tasa, kuma na kai ga cewa bai yi daidai ba. An ba su, a kan takarda. Ana kuma yanke masu, sai dai tamu wuƙar ba ta ƙara. Amma kafin in zo nan, ya kamata a fahimci abin da ya kai waɗancan mutane ga kwanciya a ƙofar ofisoshin sanatoci, don a cikin rigimarsu akwai abin da ya yi kama da tamu fiye da yadda ake zato.

Shirin da suke karewa sunansa Medicaid. An kafa shi a 1965 zamanin Shugaba Lyndon Johnson, gwamnatin tarayya da jihohi ke haɗa kuɗinsa, kuma a 2025 mutum wajen miliyan 70 ne ke cikinsa, talakawa da yara da tsofaffi da masu naƙasa. Ga mai naƙasa a can, shirin ya wuce kuɗin ganin likita. Shi ke biyan wanda zai zo gida da safe ya ɗaga shi daga gado, ya yi masa wanka, ya ɗora shi a keke ya tafi wurin aiki. Wato aikin da gwaggota ke yi kyauta da bayanta mai ciwo, can albashi ake biya a kansa.

A ranar 4 ga Yulin 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan wata babbar dokar haraji da kashe kuɗi, bayan ta tsallake majalisar dattawa da ƙuri'a 51 da 50, sai da mataimakin shugaban ƙasa ya raba gardama. Ofishin majalisa mai lissafin kasafi ya ƙiyasta cewa dokar za ta zabge sama da dala biliyan 900 daga Medicaid cikin shekara goma, kuma mutum kusan miliyan 10 za su ƙaru a kan marasa inshora nan da 2034. Masu goyon bayanta sun yi ta rantsuwa cewa ba a taɓa naƙasassu ba. Majiya ƙarfi, in ji su, kawai aka ce su nuna suna aiki ko karatu ko hidimar al'umma na awa 80 a wata. Idan ka karanta dokar, gaskiya ne, an keɓe masu naƙasa daga wannan sharaɗi. To me ya sa su ne a sahun gaba wajen kuka?

Dalilin yana cikin yadda aka gina shirin. Dokar tarayya ta tilasta wa kowace jiha ta biya kuɗin ajiye mutum a gidan jinya, amma kula da shi a cikin gidansa zaɓi ne, jiha ta ga dama ta yi, ta ga dama ta rage. Idan kuɗin da ke zuwa daga tarayya ya ragu, gwamna ba zai iya taɓa abin da yake dole ba, sai ya juya kan abin da yake zaɓi. Tun kafin dokar ma mutum dubu ɗari-ɗari ne ke layin jiran wannan kulawa ta gida. Ga kuma batun takarda. Cewa an keɓe ka abu ɗaya ne, tabbatar wa kwamfuta cewa kana cikin waɗanda aka keɓe wani abu ne daban. Jihar Arkansas ta gwada sharaɗin aiki a 2018, kafin alƙali ya dakatar da shi a 2019 an riga an cire mutum sama da 18,000, kuma binciken da masana na Jami'ar Harvard suka yi bai ga ƙaruwar masu aiki ba. Da yawa fom ne ya kayar da su, ko rashin intanet, ko wasiƙar da ba ta iso ba. Mai taɓin ƙwaƙwalwa da mai farfaɗiyar da likita bai rubuta masa shaida ba su ne farkon faɗawa irin wannan rami.

A 2017 sun taɓa yin nasara. Wata ƙungiyarsu mai suna ADAPT ta mamaye ƙofar ofishin shugaban masu rinjaye na majalisar dattawa na lokacin, Mitch McConnell, aka riƙa ciccibo mutane daga kekunansu a gaban kyamara, kuma a ƙarshen Yuli ƙudurin rushe dokar inshorar lafiya ta zamanin Obama, wanda suke adawa da shi, ya faɗi da ƙuri'a 51 da 49 bayan Sanata John McCain ya juya wa jam'iyyarsa baya. A 2025 sun sha kaye. A Ingila kuwa a wannan shekarar gwamnatin Keir Starmer ta so ta tsuke tallafin naƙasassu don ta tsimi kusan fam biliyan 5, sai 'yan majalisar jam'iyyarta sama da 120 suka yi mata tawaye, ta janye babban ɓangaren. Abin lura a duka wuraren biyu, an san ranar da za a yi yankan, an san lambar ƙudurin, an san wanda zai ɗaga hannu. Akwai ƙofar da za a je a kwanta.

Mu dawo gida. Abin mamaki, dokoki biyu daga cikin ukun da suka shafi wannan magana ɗan Daura ne ya sa masu hannu. A Janairun 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu a kan dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa. Dokar ta ce gwamnati ta tabbatar masu da samun kulawar lafiya ba tare da tsangwama ba, ta ce mai lalurar ƙwaƙwalwa a duba shi kyauta a asibitocin gwamnati, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara mashigarsu. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. A Mayun 2022 ya sa hannu a dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, wadda ta mayar da inshora dole, ta kuma ƙirƙiri asusun masu rauni da aka ce zai ɗauki nauyin mutum miliyan 83, masu naƙasa na cikin waɗanda aka ambata ƙarara. Ta ukun ta girme su, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014, wadda ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. Kusan rabin wannan kuɗi inshorar talakawa ake biya da shi, ta hannun hukumomin jihohi irin hukumar taimakekeniyar lafiya ta Katsina, KTSCHMA. Tsarin shi ne a sami asibiti guda a kowace mazaɓa, kuma Katsina na da mazaɓu 361 a ƙananan hukumomi 34, wanda aka yi wa rajista ya je da katinsa a duba shi ba ko sisi.

Ka ga ke nan ƙanena yana da haƙƙi har a wuri uku. Amma dubi wannan kashi 1 ɗin. An yi dokar a 2014, ba a sa kuɗin a kasafi ba sai 2018, naira biliyan 55. Shekara huɗu babu wanda ya tsaya a majalisa ya ce an soke, kuma babu wanda ya ga kuɗin. Irin yankanmu ke nan. Kasafin kuɗi a nan alkawari ne, sakin kuɗi kuma wani yaƙi ne na daban da ake yi a ofisoshin da talaka bai san ƙofarsu ba. A rubuta biliyan goma a saki uku, an yanke bakwai, kuma ba za ka ji shi a labaran rediyo ba, don babu ƙuri'ar da aka kaɗa. A Abuja aka taru a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi, mai masaukin baƙin kuwa har yau tana yawo a wajen kashi 5.

Wuƙar da ta fi kaifi kuwa ita ce tsada, don ita ko sa hannu ba ta buƙata. Inshora tana biyan asibiti wani tsayayyen kuɗi a kan kowane mai kati duk wata, ya zo ko bai zo ba. A tsarin tarayya wannan kuɗi ya shafe sama da shekara goma yana naira 750, sai a 2024 aka fara ƙara shi, a 2025 aka kai shi 1,450. A tsakanin nan an cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500, kamfanin magani na GSK ya sanar da tattara nasa ya nasa a Agustan 2023. Sa kanka a matsayin mai kula da ƙaramin asibiti a Batagarawa ko Mai'aduwa. Kuɗin da ake turo maka bai motsa ba, maganin da kake saye ya ninka sau uku ko huɗu. Me za ka yi? Za ka cika kanta da farasitamol da maganin zazzaɓin cizon sauro, abin da ya fi yawan masu nema, sauran kuma ka rubuta a takarda ka ce a je kemis. Mai katin da zazzaɓi ke kawo shi sau biyu a shekara ba zai ji a jikinsa sosai ba. Mai farfaɗiya da mai taɓin hankali da mai sikila, waɗanda maganinsu na kullum ne har ƙarshen rai, su katinsu ya koma kwali. Da farfaɗiya ma abin ya fi muni, domin tsayar da magani farat ɗaya na iya tayar da ciwon fiye da da, kuma a gidajenmu da ake girki a murhu a tsakar gida, faɗuwa ɗaya kan isa ta ƙara wa mutum wata naƙasar. Ba banza ba 'yan Najeriya ke biyan sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin lafiyarsu daga aljihu.

Akwai kuma abin da tun farko ba a sa a jerin ba. Kunshin da inshorar talakawa ke biya an tsara shi ne da mai ciki da jariri da mai zazzaɓi a rai, kuma ba laifi ba ne, su ne suka fi mutuwa. Sai dai keke, da ƙafar roba, da na'urar ji, da man da zabiya ke shafawa don rana kada ta jawo masa dajin fata, da gashi na wata da watanni, duk waɗannan an bar su ga rabon da uwargidan wani babba za ta yi a gaban kyamara ranar 3 ga Disamba, ranar masu naƙasa ta duniya. Ban raina kyauta ba. Amma keken da aka raba babu awo, babba ga yaro ƙarami ga ƙato, shi kansa yana jawo gyambo.

Sai takarda, inda muka haɗu da Arkansas. Kusan kowace rajista yanzu sai da lambar NIN. Wanda kuturta ta cinye wa yatsu, da me zai dangwala? Akwai hanyar da aka tanada don irinsu, amma sai ma'aikacin da ke gaban na'urar ya santa kuma ya yi haƙuri. Kurma ya je wurin rajista babu mai fassara masa da hannu. Wanda 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Batsari ko Jibiya ya zo birni yana raɓe a kango, katinsa na ɗaure da asibitin mazaɓar da ya baro, wanda wataƙila ma'aikatansa ma sun gudu. Su kansu hare-haren kullum ƙara yawan masu naƙasa suke yi, wanda harsashi ya farfasa wa ƙafa aka yanke, da matar da abin da ta gani ya taɓa mata hankali. Ƙanena dai da muka kai shi wani ofishi neman rajista, matakala muka tarar, sai da samari biyu suka ɗauke shi cak da kekensa, muka hau aka ce mana guraben mazaɓarsu sun cika. Wa ya cika su, ba a nuna mana ba.

Duk ɗan Katsina ya san Babbar Ruga, wurin da tun zamanin Turawa ake jinyar masu kuturta, kafin ya yi suna da aikin yoyon fitsari. Maganin kuturta kyauta ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ke rabawa. Amma Najeriya ta shafe kusan shekara guda babu shi, sai a Maris 2025 ya iso, saboda wani sabon sharaɗin gwajin magungunan da ake shigowa da su ya riƙe kayan. Ba kuɗi aka rasa ba, takarda ce. Kuturta kuwa ba ta jira, jijiyar da ta mutu a watannin nan ta mutu ke nan, ko da an warke daga cutar. A wannan shekarar kuma Amurka ta rufe famfon tallafinta na USAID, har majalisar tarayyar Najeriya ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya don toshe giɓin. A Yulin 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na Katsina cikin wata shida saboda tamowa. Waɗanda suka tsira da rai ba a ƙirga su, alhali yunwar ƙuruciya na barin tabo a ƙwaƙwalwa da jiki. Wato wuƙar da aka wasa a Washinton ta iso mana tun kafin ta gama da nasu.

Na san abin da jami'in gwamnati zai ce, kuma ba duka ne ƙarya ba. Zai ce jihar da ke yaƙi da 'yan bindiga, ga albashi, ga makarantu, ba za ta iya ɗaukar kowa ba. Zai ce duk jerin sunayen da aka buɗe na kyauta, lafiyayyu ne ke fara cika shi, 'yan uwan kansila da 'yan jagaliya. Na biyun na yarda da shi ɗari bisa ɗari, amma hujja ce ta a tsaftace jerin, kuma masu naƙasar ne suka fi kowa son a tsaftace. Na farkon kuwa lissafinsa bai cika ba. Robar fitsarin da ba a canza ba ita ke zama ciwon ƙoda, wankin ƙoda kuma kowa ya san abin da yake ci. Gyambon da aka bari shi ke kai mutum gadon asibiti wata biyu. Ga yarinyar da aka cire daga makaranta ta zama 'yar jagorar makaho. Kuɗin da aka ce an tsima bai ɓace ba, an dai mayar da shi kan gwaggota da awakinta. Sannan gwamnatin da ta hana bara a titi, idan ta bar kantar magani babu komai, ta ɗaure mutum ta gaba da ta baya.

To a ina za a kwanta, tunda babu ƙofa ɗaya? A ganina kwaikwayon 'yan ADAPT kai tsaye ba zai kai ko'ina ba. Yankan da ake yi a ɓoye, aikin farko shi ne a fito da shi fili, kuma da alƙaluma ake yin haka. Mutum nawa masu naƙasa ke cikin rajistar kowace mazaɓa? Nawa aka sa a kasafin bara don asusun masu rauni, nawa aka saki, a wane wata? Waɗanne magunguna ne ya wajaba mai kati ya tarar? Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowa damar tambaya a rubuce, kuma a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar ta hau kan jihohi ma. Lokacin tambayar kuma shi ne ƙarshen shekara, sa'ilin da gwamna ya kai kasafi majalisar dokoki kwamitoci na zaman kare shi. Ranar 3 ga Disamba an riga an makara, ranar jawabi ce da ɗaukar hoto.

Muna kuma da abin da Amurka ba ta da shi, sai dai mun saba kallonsa ta fuska ɗaya. Ƙasar Hausa ta daɗe da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, da fadawansu da wakilansu a unguwanni. Sun san wa ya zo gari, wa ya kwanta ciwo, wa ya rasu. Babu wata kwamfuta a sakatariya da ta san mutanen nan kamar su. An gina wannan sarauta ne a kan rabon sadaka da sasanta rigima, shi ya sa ɗan siyasa ke tuna ta ana saura mako biyu zaɓe, ya aika da buhunan shinkafa. A gefe guda ga matasa masu karatu na JONAPWD, gamayyar ƙungiyoyin masu naƙasa ta ƙasa, sun san doka sashe-sashe, amma sau da yawa taronsu a otal yake ƙarewa da Turanci. Ɓangarorin nan biyu ba su cika zama inuwa ɗaya ba, waɗannan na ganin waɗancan mabarata, waɗancan na ganin waɗannan 'yan neman kuɗin zama. Ranar da mai sunaye da mai doka suka shiga zauren majalisar dokoki tare, suka ajiye jerinsu kusa da jerin hukuma aka gwada, ranar za a san guraben da aka ce sun cika su wa ke ciki. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma ƙuri'ar mutanen nan an ci ta ba sau ɗaya ba.

Da na koma wurin ƙanena na kwashe duk wannan na faɗa mashi, bai ce komai ba a kan Amurka. Tambayata ya yi ko takardar neman bayanin sai lauya ne zai rubuta. Na ce a'a, kowa ma. Ya ce in zo mashi da biro da fallen takarda ranar Juma'a bayan an sauko, kuma in biya ta kemis, robar da ke jikinsa ta wuce kwanakinta.